Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Wa'adi Da Alawus Na Kwamitocin Makarantu

Mai Girma Gwamna, Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ya ɗora maka.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi riƙe da alli, 12 na ƙarshe ina hedimasta a wani ƙauye da ke gabashin jihar nan. Da na yi ritaya sai mutanen gari suka ɗora ni a kan kujerar shugaban kwamitin kula da makaranta, wanda kowa ya fi sani da SBMC. Bana shekara tara ke nan ina kai. A cikin shekarun nan tara babu ranar da aka sake tara iyayen yara aka tambaye su ko har yanzu ni suke so. Babu kuma takardar da ta taɓa iso mini da ta ce lokacina ya cika. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don abin da ke kaina yana kan mutane da yawa daga Gudu har Sabon Birni, daga Illela har Kebbe.

Bari in fara da yadda aka zaɓe ni, don mai karatu ya san abin da muke kira zaɓe. Bayan sallar La'asar ne, a gindin dogon yaron da ke ƙofar makaranta. Wakilin hakimi ya miƙe ya ce ana son a sabunta kwamiti, wa jama'a suke so. Wani dattijo ya ambaci sunana, aka ce an yarda, liman ya yi addu'a, aka shafa. Duka-duka bai kai tsawon shan shayi ba. Mazan da ke wurin ba su fi arba'in ba, kuma babu mace ko ɗaya, alhali iyaye mata su ke tashin yaro da safe, su ke yanke shawarar ko yarinya za ta aji ko za ta talla. Sunan wakiliyar mata daga baya aka aiko da shi a ɗan guntun takarda. Ban raina amanar da aka ba ni ba, na kuma yi iya ƙoƙarina a kanta. Amma amanar da aka bayar ranar Talata guda bayan La'asar bai kamata ta zama ta har abada ba.

Ranka ya daɗe, a garin nan na Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta kafa hukumar kula da shirin ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi kuma suna da tasu hukumar da ake kira SUBEB, ƙananan hukumominmu 23 kowace da ofishin iliminta da sakatarenta. Duk waɗannan naɗa su ake yi, kuma ana biyansu, hakan kuma daidai ne, aiki suke yi. A can ƙasan tsanin ne ake samun kwamitin makaranta, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta wajen shekara ashirin da suka wuce. A cikinsa akwai wakilin sarauta, da malaman addini, da wakilan iyaye, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, da malaman makarantar, har da yara biyu daga cikin ɗalibai, hedimasta kuma shi ne sakatare. A duk tsarin ilimin firamare, nan kaɗai ne talaka ke da bakin cewa ga wanda yake so. Nan ne kuma babu sisin kwabo, babu kuma mai lura da ranar shiga ko ranar fita. Ko an rubuta wa'adi a cikin littattafan horo da aka rarraba mana, a ƙauye ba wanda ke ƙirga shi, don babu doka a bayansa, babu kuma wanda aka ɗora wa alhakin tambaya.

Da can ba wanda ya damu da kujerar. Aikin shi ne bin gida-gida da damina ana roƙon iyaye su bar yara su zo aji ko da zuwa azahar ne kafin su wuce gona, da sasanta malami da uban yaron da aka buga, da yin gayya a toshe katangar da ta zube. Sai abubuwa suka canza lokacin da kuɗi suka fara shiga asusun kwamitoci. Shirin tallafa wa ilimin firamare na NIPEP da Bankin Duniya ya kula da shi a jihohi biyar, Sakkwato da Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, ya riƙa tura tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ma ta hannun kwamitocin nan ya yi aiki da yawa. Tunani ne mai kyau, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na ga makarantun da suka sami benci da masai da rijiya ta wannan hanya a farashin da ɗan kwangila daga birni ba zai taɓa yi ba. Amma daga ranar da sa hannun shugaba da na ma'aji suka zama masu fitar da kuɗi daga banki, kujerar ta tashi daga wadda ake gudu ta koma wadda ba a son sauka.

Zan ba ka labarin mutum biyu, dukansu na san su ido da ido.

Ta farko ita ce wakiliyar mata a kwamitinmu, wadda aka aiko da sunanta a guntun takarda. Mai tuyar ƙosai ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Ba ta yi boko ba ko aji ɗaya, amma a cikin zango biyu ta mayar da 'yan mata 17 aji, na ƙirga su da kaina a rajista. Tana shiga inda ni ba zan shiga ba, ta zauna a kan tabarma da uwar gida, ta yi mata lissafin abin da tallan yarinya ke kawowa a yini, ta nemo wadda za ta riƙa karɓar kayan a gida don kada cinikin ya tsaya. Idan na gan ta sai in tuna jajis, malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru, da Nana Asma'u ta riƙa turawa ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Irin wannan aiki ƙasar nan ta san shi tun kafin a zo da allon bango. To, bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu daga garinmu zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya ninka ya sake ƙaruwa. Aka kira mu taro can har sau biyu ba ta je ba, taron makaranta ma ta fara tsallakewa don da hantsi ake yi, lokacin cinikinta. Na je har ƙofar gidanta, ta fito da mai a hannu, ta ce mini, "Malam, ba ƙi niy yi ba. In na tahi taron ga, mi ɗiyana za su ci?" Ban sami abin da zan ce mata ba. Har yau sunanta na cikin takarda, amma ta daina zuwa, kuma shida daga cikin 'yan matan nan sun koma talla.

Na biyu shugaban kwamiti ne a wata makaranta da ba ta da nisa da tamu. Ya fi ni daɗewa a kujera, hedimastoci huɗu sun zo sun same shi sun tafi sun bar shi. Ma'ajinsa kuma surukinsa ne. Aka sami tallafin gyaran aji biyu, aka yi rufi, aka shafa fenti, aka ɗauki hoto. Iskar farkon damina ta zo da dare ta kwashe kwanon gaba ɗaya ta jefa shi cikin gonar gero. Da safe na je jaje, na ɗaga kwanon da hannuna, sai ka ce murfin gwangwanin madara saboda rashin kauri, katakon kuma ɗanye ne, ƙusa ta tsaga shi. Yara suka koma karatu a gindin bishiya har ƙarshen zango. Babu wanda ya nemi rasidi. Wa zai nema? Hedimasta baƙo ne, watansa bakwai a garin. Sauran 'yan kwamiti wasu ƙannensa ne, wasu yana binsu bashin taki. Da muka keɓe na yi masa magana a matsayin tsohon aboki, bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Cewa ya yi shekara goma sha yana ƙona man babur ɗinsa a kan makarantar nan, yana ciyar da baƙin da suka zo duba aiki daga aljihunsa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu, abin da ya rage a kuɗin ladan wahalarsa ne.

Na yi kwanaki ina juya maganarsa. Haramun ya ci, ba ni da shakka, haƙƙin marayu da 'ya'yan talakawa ne. Amma man babur ɗin gaskiya ne, ciyar da baƙin ma gaskiya ne, ni ma ina yi daga ɗan fanshona. Tsarin da ya hana mai ƙosai kuɗin mota shi ne ya buɗe wa wancan ƙofar biyan kansa da kansa. Idan aiki yana cin kuɗi kuma ba a biya, mutum iri biyu ne ke jurewa a kansa: mai hali wanda ba ya jin asarar, da wanda ya gano hanyar fanshewa. Talaka mai gaskiya shi ke fara sulalewa. Idan kuma babu wa'adi, wanda ya gano hanyar fanshewa ba shi da dalilin tashi.

Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Amurka ya taɓa ba ni labarin yadda suke yi a can. Jama'a ne ke zaɓen 'yan hukumar ilimi ta gunduma da ƙuri'a, a wasu jihohi aikin sa-kai ne ko ɗan alawus, a jihar Fulorida kuwa albashi ake biyansu. Da suka ga wasu sun mayar da kujerar wurin zama, sai majalisar jihar ta sa musu iyakar shekara 12 a 2022, shekara guda bayan nan ta rage ta zuwa 8. Ban kawo wannan don a kwaikwayi Amurka ba, hukumominsu suna riƙe da kasafin gunduma guda ne, namu kwamitin makaranta ɗaya yake kula da ita. Abin da na ɗauka kawai shi ne su ma da suka sa kuɗi a kujera sai da suka dawo suka sa mata iyaka. Kai ma, ranka ya daɗe, kundin tsarin mulki na 1999 shekara huɗu ya ba ka, in jama'a sun sake yarda ka ƙara huɗu, daga nan sai ka miƙa. Idan an yi wa mai riƙe da jiha guda haka, ban ga abin da zai sa mai riƙe da cak ɗin makarantar ƙauye ya fi ƙarfin ƙa'ida ba.

Roƙona shi ne ka aika wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudirin da zai ba kwamitocin nan gindin zama a doka. A ce wa'adi shekara uku ne, mutum yana iya neman na biyu, bayan nan ya huta aƙalla wa'adi guda kafin ya sake tsayawa. Wannan ya fi zama dole a kan shugaba da ma'aji, masu sa hannu a banki, kuma kada su kasance 'yan gida ɗaya ko surukai. Zaɓen kuma a yi shi a bainar jama'a a ranar da aka yi shela tun mako biyu kafin nan, a masallaci da kasuwa. Mata su yi nasu taron daban a cikin aji, su zaɓi wakilansu da kansu, malama ko jami'a mace ta shaida. A rubuta ranar shiga da ranar fita a jikin bangon ofishin hedimasta da fenti, yadda ake rubuta sunayen tsofaffin hedimastoci, don ko yaro ɗan aji huɗu ya iya karantawa ya gaya wa ubansa lokaci ya yi. Banki kuma kada ya karɓi sa hannun wanda wa'adinsa ya ƙare. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya isa ya sa dokar ta yi aiki ba tare da an tura kowa daga Sakkwato ba.

Game da kuɗi, ba albashi nake nema musu ba, kuma ina roƙonka da babbar murya kada a yi albashi. Ranar da kujerar nan ta zama mai albashin wata, ranar za ta shiga jerin abubuwan da ake raba wa 'yan jam'iyya bayan zaɓe, mai ƙosai ba za ta ƙara jin ƙamshinta ba. Abin da ya dace shi ne kuɗin zama da kuɗin mota, ɗan kaɗan, wanda kowa ya san adadinsa, a biya wanda ya halarta ya sa hannu ko ya dangwala, wanda bai zo ba ba shi da komai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya karɓi kuɗin zama iyaye suna da bakin tambayarsa abin da ya yi. A misali, in mutum goma da ba ma'aikatan gwamnati ba suka karɓi naira 2,000 a kowane zama, zama biyu a zango, shida a shekara, makaranta ɗaya za ta ci naira 120,000 a shekara. Makaranta dubu naira miliyan 120 ke nan. Ban ce kuɗi kaɗan ba ne. Amma a auna su da kuɗin rufin da iska ke kwashewa kowace damina saboda ba wanda ya tsaya a kan aikin. Kuma a ware su daban, kada su fito daga cikin tallafin gyaran makaranta, kada kuma su bi ta hannun kansila ko wani shugaban jam'iyya na mazaɓa. Wanda ke riƙe da muƙamin jam'iyya ma a hana shi shugabancin kwamiti har sai ya ajiye ɗaya.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a majalisar da muke zama da yamma. Wasu sun ce aikin Allah ne, kuɗi zai ɓata ladan. Ina girmama masu wannan magana, amma a cikin Suratut Tauba Allah da kansa ya sanya ma'aikatan zakka cikin waɗanda ke da rabo a cikinta. Sayyidina Abubakar kuma da aka yi masa mubaya'a ya ɗauki tufafinsa zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, sahabbai suka tsayar da shi suka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali don ya sami sukunin aikin jama'a. Wanda yake da hali ya ga ba ya buƙata, ya karɓa ya sayi alli ya kai aji, ladansa biyu. Amma kada a sa wadatarsa ta zama ma'aunin da za a kori marar shi.

Wasu kuma sun ce a al'adarmu ba a sauke dattijo, kuma sarauta ba ta da wa'adi. Gaskiya ne, kuma ban nemi a taɓa kujerar hakimi ko ta uban ƙasa ko ta liman ba. Su iyayen kwamiti ne, su zauna muddin suna kan karagarsu, albarkarsu muke nema. Ina magana ne a kan kujerun da jama'a ke zaɓa. Kuma wa'adi rufin asiri ne ga dattijon kansa. A ƙauye ba wanda zai iya miƙewa a gaban mutane ya ce Alhaji wane ya gaza a canza shi, gobe za su haɗu a sahu ɗaya, jibi a wurin suna. Sai a yi shiru ana gunaguni a bayan ido har shekara goma. In doka ce ta ce lokaci ya yi, ba wanda ya ci fuskar wani, a yi masa godiya a shafa fatiha, zumunci bai taɓu ba.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta masu cewa a ƙananan ƙauyuka masu karatun da za su iya riƙe littafin kuɗi ba su da yawa, a yankunan da matsalar tsaro ta taɓa kamar Isa da Sabon Birni da Rabah kuma wasu garuruwan ma sun watse, samun wanda zai yarda ya tsaya kansa aiki ne. Wannan gaskiya ce, kuma doka tana iya ba sakataren ilimi damar ƙara wa kwamiti shekara guda a inda taro ba zai yiwu ba, a rubuce, da dalili. Amma a sauran wurare ƙarancin mutane ba kamar yadda ake faɗa ba ne. A garinmu kaɗai akwai matasa huɗu da suka gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna zaune suna noman albasa, biyu daga cikinsu ni na koya musu baƙi da wasali. Sun fi ni iya lissafi a waya, sun fi ni ƙafar zirga-zirga. Ba su taɓa riƙe komai ba saboda mu ba mu tashi ba, mu kuma muna cewa ba mu tashi ba saboda ba su taɓa riƙe komai ba. Don kada a rasa masu ƙwarewa gaba ɗaya, ana iya sauya rabin kwamiti a lokaci guda, rabi su zauna su nuna wa sababbi hanya.

Ranka ya daɗe, kana Mataimakin Gwamna aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a 2015, saboda haka ba baƙon zancen ba ne kai. Gwamnatoci sun gina azuzuwa, kuma ana ci gaba da ginawa, muna gani muna godiya. Sai dai gini ba ya tsare kansa. Jami'in da ke Sakkwato ba zai san malamin da ke zuwa ranar Litinin kaɗai ba, ba zai san ajin da aka mayar rumbun ajiye wake ba. Mutanen gari ne suka sani, kuma za su faɗa in suna da kwamitin da suka san nasu ne, wanda suke iya canzawa.

Ni dai na riga na yanke shawara a kan kaina. Na gaya wa hakimi da hedimasta cewa ƙarshen wannan zangon zan ajiye. Mun sa ranar taro, za a yi shela a masallacin Juma'a sau biyu, mata za su zauna a aji uku su zaɓi nasu, na kuma roƙi wata malama daga makarantar da ke kusa ta zo ta shaida. Zan miƙa littafin kuɗi da rasidai da ragowar da ke banki a gaban kowa. Na koma wurin mai ƙosai na roƙe ta ta sake tsayawa, ta ce za ta yi shawara, ta kuma tambaye ni ko wannan karon akwai kuɗin mota. Na ce mata na rubuta wa Gwamna.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon hedimasta kuma shugaban kwamitin makaranta,
daga gabashin Jihar Sakkwato.